Kayan da Ba a Zo Karɓa Ba

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Na samo! Wallahi na samo abin da zan yi, ashe yana bayana duk kwanakin nan ban waiga ba. Ɗakin bayan shago!

Shekara da shekaru ina wanki da guga a layin nan, kuma duk mai wannan sana'a ya san halin mutane. A kawo kaya, a ce gobe za a zo karɓa, goben ta ƙi zuwa. Riguna, wanduna, zannuwa, kayan yara, har da wata kwat mai ruwan toka da na sha wahalar gogewa. Duk suna jibge cikin leda, a wanke, a goge, ba mai tambayarsu.

Su kuwa mutanen tsallaken kogi suna can ɗakin taron makarantar ƙarshen layi, tun ranar da rikicin nan ya faru aka rufe gada. Da kayan jikinsu kaɗai suka haye. Jiya na wuce na ga wata mata ta wanke rigar ɗanta, ta shanya a kan katanga, yaron yana tsugune tsirara yana jiran ta bushe.

Na gaya wa baban yara yana shirin fita gareji. Ya ce, "Kayan mutane ne fa, amana ce." Gaskiyarsa. Na zauna na kira duk wanda nake da lambarsa. Wani ya ce, "Au, wai rigar nan tana nan? Ai yanzu ko hannuna ba zai shiga ba, bayar!" Waɗanda ban samu ba, na ɗauka a wuyana. In mai kaya ya dawo, ni da shi.

Na ƙosa in fara.

Litinin, da yamma

Inna tana zaune a bakin ƙofa da waya a cinya. Autanmu a tsallake yake aiki, masana'antar ƙanƙara. Layin wayar can bai dawo ba tukuna, shi ke nan. Layi ne kawai.

Laraba, 5 ga wata, bayan azahar

Ba zan zuba kaya a tsakar fili a yi wawaso ba. Na ga yadda wata mota ta zo ta yi musu haka, manya suna ture juna a kan bargo, wani tsoho ya juya baya yana share ido. A'a. Nawa kanti zai zama.

Na ɗaura igiya daga bango zuwa bango, na rataye komai a hanga, na maza daban, na mata daban, na yara a ƙasa inda hannunsu zai kai. Mai Aski na kusa da ni ya ara mini dogon madubinsa, yana cewa, "In ya fashe, kanki zan aske." Tela ya ce duk abin da ya yi wa mutum yawa a kawo ya rage.

Mutum ya shigo, in ce masa sannu da zuwa, me kake nema, ya zaɓa da kansa, ya gwada, in naɗe masa a leda. Kamar kowane mai saye.

Wanda ya fara shigowa wani dattijo ne, ya tsaya a bakin ƙofa ya cire takalmi. Na ce, "Baba, shigo da abinka." Ya daɗe yana shafa kwat ɗin nan mai ruwan toka. Da ya saka ya dubi madubi, sai na ga kafaɗunsa sun miƙe. Ya ce a can shi malamin makaranta ne. Ban tambaye shi komai ba bayan wannan.

Kai, yau na ji daɗi! Na ji daɗi ƙwarai.

Alhamis, da sassafe

Wayar Inna ba ta yi ƙara ba.

Juma'a, 7 ga wata, da la'asar

Yau na sha dariya har cikina ya ƙulle. Wata mata ta zo, ta kai sa'ar Inna ko ƙasa kaɗan, amma tsawonta sai da ta sunkuya a ƙofa. Duk rigar da ta saka sai ta tsaya mata a gwiwa. Hausarta a karye take, irin tasu ta tsallake, harshensu daban ne. Ta dubi madubi ta ce, "Rigar ya ji tsoro na, ya gudu sama."

Tela ya zo da awo, ya hau kan benci kafin ya kai kafaɗarta. Ya ce, "Ke wannan ai ba riga za a yi miki ba, labule za a cire." Ita ma ta kwashe da dariya. Nan take sunanta ya zama Doguwa.

An haɗa mata riga biyu ta zama ɗaya. Da na miƙa mata, ta ƙi tafiya. Ta ce ba ta iya karɓa hannu banza. Kafin in yi magana ta ɗauki dutsen guga, ta tofa masa yawu kaɗan ta ji zafinsa, ta ja wata riga ta shimfiɗa. Ta iya! Ta fi ni iya fitar da kwala.

Na kai ta cikin gida ta gaida Inna. Inna ta amsa da ka, ko kallonta ba ta yi ba. Da muka fito ta kira ni ta ce, "Ɗana yana hannunsu, ke kina nan kina yi musu ado."

Na ce, "Inna, layi ne kawai."

Ta ce, "To."

Asabar, da hantsi

Kaya sun kusa ƙarewa, sai ga matar mai kemis da buhu guda! Bayanta direbobin tasha, sun tattaro nasu. Wata yarinya ta kawo takalman makarantarta da suka matse ta, ta goge su da kanta har suna sheƙi. Injin wanki bai huta ba tun safe. Ni da Doguwa muna guga, ƙamshin sitaci ya cika layi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yau na gani da idona. Aiki ya yi yawa, alhamdulillahi. Aiki ya yi yawa, ba ni da lokacin tunani.

Litinin, 10 ga wata, da yamma

Manajan otal ya zo da kansa. Su ne manyan masu kawo mini aiki, zannuwan gado da tawul duk mako. Bai zauna ba. Ya ce baƙinsu ba za su so su ji cewa inji ɗaya ke wanke zanin gadonsu da tsumman mutanen can ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sabulu bai san ƙabila ba."

Ya ce in zaɓa. Na ce ya aiko a kwashe musu kayansu, a goge suke.

Da ya fita na zauna a kan kwandon wanki. Baban yara da ya ji, ya daɗe yana wanke baƙin mai a hannunsa. Can ya ce, "Bakinki nan wata rana sai ya sa mun kwana da yunwa." Sai kuma ya ce, "Akwai rigunan aikina biyu a bayan ƙofa, ki haɗa da su."

Mutumin nan! Shi ya sa nake zaune da shi.

Talata, da sassafe

An watsa wa ƙofar shago baƙin mai. Mun wanke, ni da Doguwa. Bai fita duka ba. Zan saya fenti, shuɗi nake so, da ma tsohon launin ya ishe ni.

Wayar Inna ba ta yi ƙara ba.

Laraba, 12 ga wata, bayan azahar

Malamin nan mai kwat ya fara tara yaransu a ƙarƙashin bishiyar makaranta yana koya musu lissafi. Yaran layinmu suka leƙa, suka leƙa, yau na ga biyu daga ciki sun zauna a baya. Nawa ne biyun! Ban kore su ba.

Mai Aski ya ware ranar Laraba yana yi musu aski kyauta. Yana aski yana mita, wai kawunansu sun fi na mutanen layinmu tauri, za su dakushe masa inji. Suna ta dariya.

Akwai wata matashiya mai tsohon ciki, mun tara mata kayan jariri cike da kwali. Da ta ga wata 'yar hula mai kunnen zomo sai ta rungume ta ta fashe da kuka, mu ma muka taya ta, sannan muka koma dariya. Haka muke yanzu, kamar mahaukata.

Kowa ya shigo ina tambayarsa a hankali, ina naɗe masa kaya, ko ya san masana'antar ƙanƙara. Suna cewa sun sani. Daga nan sai su dubi ƙasa. Na daina tambaya.

Alhamis, 13 ga wata, da la'asar

Mai Aski ya kira ni gefe. Ba ya dariya. Ya nuna mini wani hoto da ke yawo a waya, na ranar, a bakin gada. Samari ne da yawa. Ɗaya ya fi kowa tsawo. Ba zan rubuta abin da ke hannunsa ba.

Ya ce, "Dubi fuskar da kyau."

Ba sai na duba da kyau ba.

Na koma shago, Doguwa tana guga tana 'yar waƙarta. Na ajiye wayar a kan teburin, kusa da hannunta. Ta kalla. Ta ɗaga dutsen gugar ta tsayar da shi don kada rigar ta ƙone.

Ta ce, "Ɗana ne."

Na ce, "Kin sani tun farko?"

Ta ce, "Na sani ya fita. Na kama rigarsa, ya cire rigar ya bar mini. Ban san inda yake ba."

Na ce ta tafi. Ta naɗe rigar da take gogewa tukuna, sannan ta tafi.

Juma'a

Ban buɗe shago ba.

Asabar

Ban buɗe ba. Kaina ke ciwo.

Lahadi, 16 ga wata, da hantsi

Kullum da safe Doguwa tana zuwa. Ina ganinta ta tagar ɗaki. Ba ta ƙwanƙwasawa. Ta share gaban shagon, ta kwashe shara, ta zauna a kan dakali ɗan lokaci, ta tafi.

Labari ya kai ko'ina. Matar mai kemis ta aiko cewa in har matar nan ta sake taka shagona, ita ta cire hannunta. Baban yara ya ce duk abin da na yanke shi ke nan. Da ma ya yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Na gaya wa Inna komai, don gara ta ji daga bakina. Na zaci za ta ce, ba na gaya miki ba? Sai kawai ta mayar da idonta kan wayarta.

Litinin, 17 ga wata, da sassafe

Ikon Allah! Bari in rubuta tun ban manta yadda aka yi ba.

Na fito zan ɗebi ruwa, ban ga Inna a kujerarta ba. Na leƙa waje. Ga ta can tsaye da sandarta a gaban dakali, ita da ba ta taka waje sai asibiti. Doguwa tana zaune, da wata tsohuwar waya a cinyarta, fuskar wayar baƙi ƙirin.

Inna ta ce, "Wannan wayar ai a mace take."

Doguwa ta ce, "Ba wuta a makaranta, Inna."

"To in ya kira fa?"

Doguwa ta dubi wayar da ke cinyarta.

Inna ta juyo ta gan ni, ta daka mini tsawa kamar ina 'yar shekara bakwai. "Ke! Kin tsaya kina kallona kamar tinkiya? Kawo abin cajin nan. Ki buɗe shagon nan kuma, mutane na tsirara kina kwance da ciwon kan ƙarya."

Na ce, "Inna, kin san ko wace ce?"

Ta ce, "Na sani. Ana haifar ɗa, ba a haifar halinsa. Ita ma jira take yi."

Yanzu haka suna zaune a bakin ƙofa, kowacce da waya a cinya. Ni kuwa na buɗe shago, na kunna inji, ina kuka ina zuba garin sabulu har na zuba fiye da kima, kumfa ta malalo har bakin titi. Tela ya leƙo ya ce, "Yau kuma layin gaba ɗaya za ki wanke?"

Laraba, 19 ga wata, da yamma

Matar mai kemis ta cire hannunta kamar yadda ta ce. Wasu biyu sun bi ta. Otal ma ba su dawo ba, kuma na san ba za su dawo ba. Mun rage cefane, yara sun lura.

Amma an haihu! Matashiyar nan ta sauka lafiya, mace, ƙatuwa! Sun kawo ta shago da hular zomon a kanta, kunne ɗaya a miƙe ɗaya a kwance. Mai Aski ya ce wannan ita ce kaɗai 'yar tsallaken da aka haifa a layinmu, saboda haka tamu ce, ba mai ƙwace ta. Inna ta karɓe ta ta daɗe tana kallo.

Na yi wa ƙofa fenti. Shuɗin ya fito fes.

Alhamis, da azahar

TA YI ƘARA! TA YI ƘARA!

Alhamis, 20 ga wata, da la'asar

Yana da rai. Autanmu yana da rai. Bari in sake rubutawa: yana da rai.

Baƙuwar lamba ce. Inna ta kasa danna wajen amsawa, yatsanta yana ta zamewa, Doguwa ce ta danna mata. Sai muka ji, "Inna?" Muryar ta shaƙe, amma tasa ce. Inna ta zame daga kujera ta yi sujada a kan siminti. Ni ban san lokacin da na fita titi da gudu ba takalmi ba, ina ihu, har direbobin tasha suka taso da zaton gobara ce.

Yana wani asibiti mai nisa. Ƙafarsa ce. Ya ce sauran bayani sai ya zo. Ya ce kada mu tambaye shi yanzu.

Da hayaniya ta lafa na nemi Doguwa. Na same ta a ɗakin baya tana jera hanga, waɗanda tuni a jere suke. Ta ce, "Barka, barka," tana murmushi da gaske. Wayarta tana cikin aljihunta, na ga hannunta a kai.

Asabar, 22 ga wata, da hantsi

An ce za a kwashe mutanen makaranta zuwa wani wuri a bayan gari, makaranta za ta koma karatu. Mun kwana biyu muna haɗa wa kowane gida ƙunshinsa. Malam mai kwat ya zo sallama, ya ce wa yarana su riƙe jadawalin lissafi na bakwai da kyau, nan ne suke tuntuɓe.

Doguwa ba za ta bi su ba. Inna ce ta yanke. Ta ce ɗakin baya ya zama fanko, kuma ita ba za ta iya koyon danna waya a wannan shekarun ba, tana bukatar mai danna mata.

Sai dai akwai Auta. Na kira shi na gaya masa duka, har da hoton. Shirun ya yi tsawo har na ce, "Kana ji na?"

Ya ce, "Ina ji, Yaya. Nas ta zo, sai anjima."

Ban san abin da wannan yake nufi ba. Na goge riga ɗaya sau uku.

Talata, 25 ga wata, da yamma

Ya iso.

Baban yara ya ɗauko shi da motar gareji. Duk layi ya fito, Mai Aski da almakashi a hannu, Tela da zare a baki. Da aka buɗe motar sai muka gan shi. Ya rame ƙwarai. Ƙafar hagu tana cikin filasta har cinya. Akwai wani abu a idonsa da ban sani ba, amma wannan na wata rana ne.

Matakalar gidanmu tana da tsayi. Baban yara ya shiga ƙarƙashin hannunsa na dama. Na shiga na hagu, amma ni gajeriya ce, sai ya karkace ya yi ƙara don zafi. Kafin wani ya matso, na ji an janye ni a hankali. Doguwa ce. Tun safe take ɓoye a ɗakin baya, ban san ta fito ba. Ta sa kafaɗarta ta ɗaga shi, ta ce, "Jingina, ɗana. Ni yana da ƙarfi."

Da ya ji harshenta, jikinsa ya sandare. Na gani, kowa ya gani. Ya juyo ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, ita kuma ta kafe idonta a kan matakala. Inna tana sama ta riƙe ƙofa. Na ce a raina, shi ke nan.

Sai ya buɗe baki ya yi mata magana da yarensu. Na manta shekarunsa nawa a cikinsu, ashe ya iya kamar ɗan gida. 'Yan kalmomi ne kawai. Doguwa ta yi wani sauti, rabi dariya rabi kuka, gwiwarta ta lanƙwashe har suka kusa zubewa su uku. Baban yara ya ce, "Kai, ku yi mini rai, bayana ba na ƙarfe ba ne!" Layi ya ɓarke da dariya, aka haura da shi mataki bayan mataki.

Bayan ya ci abinci, Inna ta gama shafa kansa da fuskarsa kamar ba ta yarda ba, na zauna kusa da shi na ce, "Auta, me ka ce mata?"

Ya ce, "Ba wani abu ba ne, Yaya. Cewa na yi, Mama, kin ci abinci yau?"

Ba ta ci ba kuwa. Ni da take ɗakin bayan shagona tun safe ban lura ba. Bari in ajiye biron nan in je in zuba mata.